Zoben Da Bai Shiga Jaka Ba

Ƙarar da na ji ba ita ce wadda muka shafe sati uku muna koyo ba.

Wadda muka koya ta tafin hannu ce. Naushi zai wuce ta gefen haɓar Ruben, shi kuma ya bugi ƙirjinsa da hannun da 'yan kallo ba sa gani, ya juya kai, ya faɗi. Wannan kuwa ƙarar ƙashi ce a kan nama.

Ruben ya durƙushe, hannunsa a baki, jini na bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan katakon dandamali.

Wanda ya nause shi yayana ne, Dale, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina zaune a ɗan teburina na gefen dandamali, fensir a hannu, ƙaton littafin wasan a buɗe a gabana. Ni ce mai riƙe littafi. Ni nake rubuta inda kowa zai tsaya, ni nake manna farin tef a ƙasa ya zama alamar ƙafa, kuma doka ta ce ko a gaban 'yan kallo ne, in na ce a tsaya, dole kowa ya daskare. Amma ban taɓa faɗa ba. Ni da ko a aji aka kira sunana sai muryata ta maƙale.

Malama Lindqvist, wadda ke koya mana wasan, ta hau dandamali da gudu. Dale ya ɗaga hannaye yana cewa tsautsayi ne, Ruben ne ya kawo fuskarsa. Malama ba ta ko kalle shi ba, ni ta juyo ta kalla.

"Corinne, ƙafarsa na kan alama?"

Na gani da idona. Ƙafar ta tsallake tef ɗin da taku guda, kuma bai jira Ruben ya gyaɗa masa kai ba, alhali dokar faɗan wasa ke nan: a haɗa ido, wanda za a nausa ya gyaɗa kai, sannan hannu ya tashi. Na kuma san duk ɗalibin da ya daki wani da gangan, kwalejinmu korarsa take yi.

"Tana kai..." na ce. "Ina jin santsi ne ya ja shi."

Ruben ya ɗago ya dube ni. Gara ma da zagina ya yi.

Wasan tsoho ne, irin wanda kusan kowace makaranta a jiharmu ta Iowa, a Amurka, ta taɓa yi: ƙaramin gari mai coci ɗaya da shagon magani ɗaya, budurwa, saurayinta, da yayanta da ya tare saurayin a bakin shinge. Malama ta ba Dale matsayin yayan saboda girman jikinsa, don tun da gwiwarsa ta hana shi kokawa yake yawo a kwaleji kamar wanda aka ƙwace wa gida. Ruben Salgado ne saurayin. Budurwar kuwa Shelby Pruitt ce, mai gashi kalar zuma, wadda ta ɗauka duk abin da Ruben ke faɗa mata a wasa har zuciyarsa yake nufi.

Ni kuwa yake rakawa tashar bas kullum bayan an tashi. Yakan kira ni 'Yar Fensir. Wata rana ya ari littafina zai duba layinsa, da ya dawo da shi na tarar ya rubuta a gefen shafi na arba'in da biyu cewa duk kalmar da yake faɗa wa Shelby, teburin gefe yake faɗa wa. Na ba shi amsa a ƙasan rubutun. Ya sake rubutawa. Kafin sati biyu gefen shafin ya cika.

Shelby ce ta buɗe littafin ranar da na manta shi a kan tebur. Ita ce ta kai wa Dale labarin.

Bayan naushin na sami Ruben a ɗakin kwalliya yana wanke baki a famfo. Leɓensa ya tsage, haƙori ɗaya na girgiɗi. Na miƙa masa ƙanƙara a cikin tawul, ya karɓa bai dube ni ba. Na fara ba shi haƙuri, ina in'ina, ina cewa korar Dale za a yi, kuma Dale ba shi da komai yanzu sai makarantar nan.

Ya ce ya gane, shi ma yana da ƙanne. Ya tofar da jini, ya kashe famfo.

"Amma ki sani, 'Yar Fensir, a duk ɗakin nan mutum ɗaya ne aikinsa ya kula kada a ji min ciwo. Saboda ke ce nake rufe ido in miƙa masa fuskata."

"Ruben, don Allah..."

"Ranar Asabar zan sake miƙawa. Ba zan bar wasan ba, mamata ta riga ta nemi hutu a wurin aiki."

Ranar bai raka ni tasha ba.

Ranar Lahadi bayan coci muna cin gasasshen nama da dankali a gida, Dale ya tona maganata da Ruben. Baba ya ajiye wuƙa a hankali. Ya tambaya ko yaron ɗan baƙin nan ne da suka cika aiki a mayankar gari, waɗanda ko sunan titinmu ba su iya faɗa ba. Na ce a garin nan aka haifi Ruben, asibiti ɗaya da ni. Baba ya ce ba asibiti ya tambaye ni ba. Mama ta miƙe wai za ta duba abin da ke cikin tanda, alhali babu komai a ciki.

Dale yana ta juya zobensa a yatsa, ƙaton zoben nan mai tudu da aka ba shi shekarar da ya zama zakaran kokawa na jiha.

"Ɓera ta yi saurayi," ya ce, don haka yake kirana tun muna yara. "Kar ka damu, Baba. Na fara yi masa bayani, saura in ƙarasa."

Baba bai ce masa kul ba. Ni kuwa na ci gaba da yanka dankalina.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana za a buɗe wasa. Saura rabin awa na ɗauki jakata ta shuɗin yadi na zaga, kamar yadda ake yi kullum. Duk mai agogo, zobe ko ɗankunne sai ya jefa a ciki, ba a hawa dandamali da ƙarfe a hannu in akwai faɗa. Ruben ya jefa sarƙar kakarsa. Shelby ta jefa 'yan kunnenta tana tambaya ta ko akwai sabon karatu a shafi na arba'in da biyu. Dale kuwa ya nuna min hannayensa, wayam. Ya ce ya bar zoben a gida.

Na yarda, don ina so in yarda.

Zauren ya cika. Ta gefen labule na hango Baba da Mama a layi na uku, na hango maman Ruben can baya da rigar aikinta a ƙarƙashin kwat. Aka kashe fitilu, na fara ba da umarni cikin raɗa, komai na tafiya daidai. Mutane suka yi dariya inda ya kamata. Muka iso bakin shinge.

Dale ya shigo hannunsa na dama a aljihu. A littafina babu aljihu, na rubuta hannu biyu a kan shinge.

Ya faɗi layinsa. Ruben ya faɗi nasa. Dale ya zaro hannun, fitila ta haska shi, wani abu ya yi walƙiya a yatsansa.

Na kalli ƙafarsa. Ta tsallake tef.

Ruben ma ya ga zoben, na san ya gani. Amma bai ja baya ba. Ya waiwayo gefen da nake, kallo ɗaya, sannan ya juya ya gyaɗa wa Dale kai ya rufe ido.

"Tsaya."

Ni kaɗai na ji kaina. Na miƙe, littafin ya kife ƙasa.

"Tsaya! Dale, tsaya!"

Masu fitilu suka daskare, Shelby ta daskare da hannu a baki, duk zauren ya yi tsit. Dale kaɗai bai tsaya ba, kafaɗarsa ta riga ta juya. Ban san lokacin da na tsallake taku shidan da ke tsakanina da shingen ba. Na dai san na ture Ruben da duka hannayena, na kuma ga idon yayana ya buɗe da ya gane ni.

Wani farin haske ya fashe a kaina.

Da na farfaɗo ina kwance a kan katako, kaina a kan cinyar Ruben, ya cire rigarsa ya danne min gira. Jini ya cika min ido ɗaya, ɗumi-ɗumi, yana gangarawa cikin kunnena. Da ɗayan idon na ga Baba ya hauro dandamali, mutumin da ko matakalar gida yake hawa da ƙyar. Ya cafki Dale a wuya ya haɗa shi da shingen, katakon ya karye, su biyun suka zube. Ya ɗaga hannu zai kai masa duka.

"Baba," na ce, "a gabanka ya faɗa, ba ka hana shi ba."

Hannun ya tsaya a sama. A hankali ya sauko.

Dale yana zaune cikin karyayyun katakai yana kallon zoben, da jinina a kan tudunsa. Yana ta ƙoƙarin cire shi, yatsan ya kumbura ya ƙi fita. Sai ya fashe da kuka irin na yara, yana cewa Ɓera, Ɓera, ba ke ba ce, ba ke na nufa ba.

Ruben ya sunkuyo, hannunsa a kan goshina.

"Ke wace irin mahaukaciya ce? Cewa aka yi ki faɗa da baki, ba ki kawo kai ba."

"Na faɗa... ba ka ji ba?"

"Har masu gyaran mota a tsallaken titi sun ji ki, masoyiyata."

Ɗinki bakwai aka yi min. Baba ne ya tuƙa mu asibiti, Ruben na baya tare da ni ba riga. Da muka tsaya a fitilar hanya Baba ya cire kwat ɗinsa ya miƙo baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce ana sanyi.

Ranar Litinin na je ofishin Malama Lindqvist na gaya mata gaskiyar naushin farko, har da ƙaryar da na yi. Ta ce ta sani tun ranar, jira take in faɗa, kuma ita ma ta yi kuskure da ta jira. An dakatar da Dale zango guda. Da korarsa za a yi gaba ɗaya, Ruben ne ya je ya roƙa, ko da yake har yau ba sa doguwar magana. Shelby ta aiko min da furanni da wata doguwar takarda, na karanta rabi.

Bayan sati biyu aka sake buɗe wasan, wani ya karɓi matsayin yayan. Ina zagawa da jakata saura rabin awa, sai na ga Dale tsaye a ƙofar baya, ya rame, tikiti a hannunsa. Na ce masa 'yan kallo ta gaba suke shiga.

Ya ce ya sani. Ya sa hannu a aljihu ya ciro zoben, an yanke shi gida biyu, don sai da aka sa abin yankan ƙarfe kafin ya fita daga yatsan. Ya jefa a jakar.

"Ba wasa kake yi yau ba, Yaya. Ba sai ka bayar ba."

"Riƙe dai," ya ce. "Kar ki dawo min da shi."

Na koma teburina na buɗe littafi. A shafi na arba'in da biyu babu sauran wuri, don haka Ruben ya tsallaka na arba'in da uku. Tambaya ce guda ɗaya, gajeriya, ko zan aure shi, ya ce ba gaggawa, sai mun gama karatu.

Na rubuta masa eh da biro, ba da fensir ba, sannan na ɗaga murya yadda na bayan zaure ma za su ji, na ce kowa ya hau alamarsa.