Abin da Zaituna Ta Kai Ajingi

Suna zaune a tsakar gida a Kademi suna ɓarar gyaɗa, wayar Sa'adiya ta yi ƙara. Ta duba, ta yi murmushi, ta shige ɗaki. Zaituna, 'yar baffanta, ta raka ta da harara har labule ya rufe.

Kamalu ne, ɗan Ajingi mai sayen gyaɗa. Ranar da ya fara zuwa gidan, Zaituna ce ta kai masa ruwa, har da sake ɗaurin ɗankwali, amma bawan Allahn nan ya shanye ruwan ya tambayi sunan Sa'adiya. Tun ranar kishi ke cin Zaituna, ga shi yanzu lefe ake jira.

Da la'asar Sa'adiya ta ja ta gefe.

"Zaituna, riƙe min wata magana. Kin san ni na yi jinyar Goggo Khairiyya a Kano da aka yi mata aikin kansar mama. Likita ta ce irin tata ta gado ce, dangi su yi gwajin jini. Na yi, an ce ina ɗauke da ƙwayar gadon. Ba ciwon gare ni ba, haɗarina ne ya fi na sauran mata, za a riƙa duba ni. Ke ma ya kamata ki —"

"Wayyo, sorry!" Zaituna ta katse ta tana dafe ƙirji. A ranta kuwa kamar an yi mata albishir, sauran maganar ko ta kanta ba ta bi ba.

Ranar kasuwar Ajingi Zaituna ta ci kwalliya ta hau mota, wai zare za ta sayo. Sai ga ta durƙushe gaban Hajiya Kadijatu, mahaifiyar Kamalu, kai a ƙasa kamar ta Allah.

"Hajiya, tsoron Allah ne ya kawo ni. Yarinyar nan kansa gare ta! A nonon uwarta ta sha. Ni kuwa uwata daban, 'yar garin Balan ce, lafiya lau muke."

A ranar Hajiya ta sa aka tura akwatunan lefe ƙarƙashin gado. Labari ya iso Kademi, Sa'adiya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta san bakin da ya kai maganar, amma ta haƙura.

Kamalu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Hajiya, ta gaya min da bakinta tun ranar da result ɗin gwajin ya fito, na ce na ji na gani. Don Allah ki je ki ji daga bakin goggonta."

Hajiya ta yafa mayafi ta zo Kademi. Zaituna ta yi wuf ta shimfiɗa tabarma ta kawo fura, a zatonta ita aka zo gani.

Goggo Khairiyya, ƙanwar ubannin 'yan matan biyu, ta gyara zama. "Hajiya, uwar Sa'adiya ba ruwanta, ba a nono ake shan abin nan ba. Mahaifiyarmu ciwon mara ne ya kashe ta, muka ce sammu ne, ashe kansar ƙwan haihuwa ce. Daga gare ta na gada, kuma namiji ma yana ɗauka ya ba 'yarsa. Ba kowa ke gada ba, ba kowane mai ɗauke da shi ke kamuwa ba. Wadda ta sani ta tsaya ana duba ta, ai ta fi mu da muka zauna a duhu."

Hajiya ta juya a hankali ta dubi Zaituna.

"To ke, ba jikar tsohuwar ba ce?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Zaituna. Ubanta da uban Sa'adiya ciki ɗaya suka fito! Sai yanzu ta tuna maganar da ta katse, ta fashe da kuka.

An kawo lefe, an sha biki. Bayan an watse, amarya ta nemi izinin mijinta, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin Zaituna.

"Ɗauko hijabinki, motar Kano za ta cika."

"Bayan abin da na yi miki?"

"Jininmu ɗaya, Zaituna. Ba zan bari ki je gwajin ke kaɗai ba."

Haka haƙuri da gaskiya suka kai Sa'adiya ɗakin mijinta. Duk wadda kishi ya sa ta ɗauki sirrin lafiyar 'yar'uwarta ta kai kasuwa, ta fara tsayawa ta ji ƙarshen maganar tukuna. A mota Zaituna ta damƙe hannun Sa'adiya, ba ta saki ba har Kano.