Lahadin da Aka Zuba Rufin Yovana

Doña Felícita, mahaifiyar Yovana, na feraye dankali a tsakar gida, amma bakinta ya fi hannunta aiki.

"Yau ma ina saurayin naki? Bari in gaya miki, yana saman gidan wani da garwar kankare a kafaɗa. Shekara bakwai yana taya mutanen garin nan na Huancayo rufa gidajensu kyauta, nasa ɗakin kuwa tattabaru sun mayar da shi masauki."

Yovana ta ɗaga kai ta dubi sama. A can ne, bisa rufin gidan mahaifiyarta, ita da Wilber suke gina ɗaki biyu da rancen banki. Bango ya tsaya, an kafa katako, an shimfiɗa rodi, ga buhunan siminti jibge a ƙarƙashin leda. Zuba kankaren rufi kawai ya rage, amma wata huɗu ke nan ana cewa gobe. Doña Felícita kuwa ta rantse ba za a ɗaura aure ba sai rufi ya hau.

"Mama, ai ba Wilber ne maginin ba. Kawu Teófilo ne, kuma ke kika ce sai shi."

"Kada ki sa ƙanina a bakinki. Namijin da ya isa ai shi ke tsaya wa aikinsa."

Gaskiyar magana, Kawu Teófilo ya karɓi kuɗin aiki tun tuni, ya kwashe leburorinsa ya kai su ginin wani otal da ya fi maiƙo. In an same shi sai ya ce banki ya fara sakin kason ƙarshe. Banki kuma ya ce ba zai saki ko sol ɗaya na kuɗin ba sai injiniyansa ya ga rufi da idonsa. Kowa ya riƙe nasa gam, Yovana ce ke ta zirga-zirga a tsakani har takalminta ya cinye.

Ran Laraba ma'aikaciyar bankin ta faɗa mata a fili: "Señorita, injiniya zai je ran Litinin. In babu rufi, mun rufe fayil ɗinku."

Da ta kawo labarin gida, Doña Felícita ta ce ta mayar wa Wilber zobensa kawai a huta. Yovana ta yi kuka har idonta ya kumbura, domin tana son mutumin nan, son da ba ta iya ɓoyewa ko a coci. Da yamma ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ba ka fushi ne? Ka je ka ci kwalar Kawu mana, ko ka kai shi ƙara!"

Wilber ya goge mata hawaye da hannunsa mai kaushi. "Kawunki ne fa. Gobe kawuna ne, teburi ɗaya za mu riƙa cin abinci. Ke dai ki sayo dankali buhu biyu da naman alade."

"Dankali? Aurenmu na rushewa kana maganar dankali?"

"Buhu biyu, Yovana. Manya."

Ta saya, tana mita.

Ran Lahadi da sassafe ƙarar inji ta tashi gidan. Doña Felícita ta fito da gyalenta a karkace, sai ta ga layin ya cika maƙil. Maza da garwa, mata da shebur, ga injin kwaɓa siminti da wata mai shago ta turo. Wani tsoho ya cire hula ya gaishe ta.

"Doña, mun zo ayni, aikin gayya. Wilber ya ɗauki garwa a gidana, yau ranar ramawa ce."

"Ni ma ya ɗauka a nawa," in ji na bayansa. Haka suka riƙa faɗa ɗaya bayan ɗaya, har ta daina ƙirga su a arba'in da wani abu.

"To wa zai ciyar da wannan runduna?" ta tambaya.

Yovana ta nuna mata buhunan nan biyu, dariya ta kusa kayar da ita.

Nan da nan aka haƙa rami, aka gasa duwatsu, aka binne nama da dankali da wake a cikinsu don su dahu. Garwa na hawa a cike tana saukowa wayam, ana waƙa ana tsokanar masu tumbi. Wajen tsakar rana ƙamshin nama ya jawo Kawu Teófilo, da farar hularsa fes. Ya tsaya a gindin tsani ya fara ba da umarni kamar bai taɓa barin wurin ba.

Yayarsa ta zo ta dangwara masa garwa a ƙirji. "Hau, Teófilo. Ka sa na zagi yaron kirki wata huɗu saboda kai. Ba za ka ga nama ba sai wannan hular ta yi baƙi."

Ya hau, unguwa na masa tafi.

Kafin hadarin yamma ya haɗu an gama shafe rufin. Aka kafa gicciye mai furanni, aka rataya kwalba, ya rage a zaɓi wadda za ta fasa ta don sa wa gida albarka. Wilber ya ratsa taron, siminti har gashin idonsa, ya miƙa wa Doña Felícita guduma.

"Mama, a kan rufinki muka ɗora namu. Ke ya dace."

Doña Felícita ta karɓi gudumar. Ta fasa kwalbar tana hawaye, ta ce, "Ka yafe mini, ɗana."

Ran Litinin injiniya ya zo, ya ƙwanƙwasa kankaren, ya sa hannu. Bayan wata guda aka ɗaura aure, Kawu Teófilo ne ma ya fi kowa rawa. Yovana ta gane cewa haƙurin mijinta ba sanyin jiki ba ne, kuma alherin da mutum ya yi wa maƙwabtansa yana nan a ajiye har ranar da zai buƙace shi.

Lahadi biyu bayan biki, da sassafe, Doña Felícita ta tsaya a gindin bene tana kira.

"Wilber, tashi mana! Ana zuba rufi a gidan maƙwabcinmu Don Saturnino. Ga garwarka na wanke maka, kada ka makara ka ba mu kunya."