Zufar Malam Sha'aibu

Safara'u na tankaɗe gari a tsakar gida sai abin ya sake zo wa mijinta. Abin ba ya sallama. Hadari ya rufe Ɗanzomo, iska mai sanyi na kaɗawa, amma zufa ta ɓalle wa Malam Sha'aibu kamar an sheƙa masa guga. Ya ƙura wa tsamiyar bayan katanga ido, bai ko ƙifta ba. Kaji ma suka daina tono.

"Ya zo?" ta tambaya a hankali.

"Ya zo, Safara."

Ita kaɗai ta san sunan abin. Sankarar mafitsara ce, kuma likitocin wani asibiti a Kano sun sa shi cikin masu gwajin sabon magani, allura da ƙwayoyi a haɗe. Sun ce zai riƙa zufa, ƙirjinsa zai kumbura, ƙarfinsa na namiji zai kwanta. Sun kuma ja kunne: kada ya ɗora wani magani a kai, ko na gargajiya, hantarsa ba za ta ɗauka ba. A motar dawowa ya lallaɓo hannunta ta ƙarƙashin mayafi ya ce, "Ki rufa mini asiri, kar dangina su ji inda ciwon yake."

Ta rufa. Dangi kuwa suka ga abin da suka gani: dillalin shanun da muryarsa ke cika kasuwar Maigatari ya koma mai zubar da hawaye idan maraƙi ya yi kuka.

Zufar ba ta bushe ba sai ga yayarsa, Adda Tayyiba, wadda ta goye shi yana jariri, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai.

"Sannu da zuwa, Adda."

"Riƙe sannunki! Tun kina amarya kike son mallake shi, yau kin mayar mini da ƙane mace!"

Ta ɗaga faifan. Jiƙo ne baƙi ƙirin, yana wari irin na tsohuwar rijiya.

"Daga ƙetaren iyaka na karɓo. Mai maganin ya ce an binne maka abu a gindin tsamiya, kuma hannun na cikin gida ne. Sha!"

Malam bai taɓa yi wa Adda musu ba. Ya karɓa, ya kai bakinsa...

Safara'u ta yi tsalle ta buge ƙwaryar. Baƙin ruwan ya malale, ƙasa ta shanye shi nan take.

"Innalillahi! Ka gani ko? Mai asiri ba ta son makari! Sha'aibu, ka sake ta yanzu, ko ban yafe goyon da na yi maka ba!"

Safara'u ta durƙusa, hawaye na ɗiga a kan garin da ke hannunta. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ba tata ba ce. 

Malam ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Adda, sankara gare ni, a mafitsara. Maganin asibiti ne ke yi mini haka, kuma likita ya ce ciwon yana ja da baya. Da na sha jiƙon nan, da wataƙila zaman makokina za ki yi. Kunya ce ta sa na ɗaure mata baki."

Adda ta zube zaune a ƙasa.

"Ke 'yar nan — kika bar ni ina ce miki mai asiri?"

"Amanarsa ce, Adda."

Tsohuwa ta jawo ta jikinta tana kuka. "Allah ya yi miki albarka. Ranar komawa Kano, da ni za a je, in ji da kunnena."

Kunya ado ce, amma wadda ta hana a faɗi ciwo takan jawo wa masoyi baƙin suna. Mai riƙon amana kuwa, ko ya rufe bakinsa, Allah zai buɗe wani bakin ya wanke shi.