Kofi a Wuyan Ramlatu

Tun da Hajiya Yalwa ta sauka a filin jirgin Baiyun na ƙasar Sin bakinta bai rufu ba don murna. Ga ta a falon autanta Izzuddeen, can bayan titin Huanshi, tana ta zaro ƙullin daddawa da kuka da yaji, matarsa Ramlatu na karɓa hannu bibbiyu. Ko shekara ba su yi da aure ba. Shi yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ita tana karatu a jami'a.

Hoto ne ya ɓata zaman. Yana jingine a kan talabijin ɗin da ke ta nuna 'yan tseren Olamfik. Hajiya ta ɗauko, ta gyara tabarau. Ramlatu ce tana dariya, an rataya mata wani kofin gilashi mai dogon wuya cikin 'yar jaka, bayanta kwalabe reras.

"Innalillahi! Auta, wannan ba kofin giya ba ne?"

"Hajiya, baje kolin abincin Italiya ake yi a wani otal. Aiki ya yi sanyi saboda an matse biza, shi ne na ce mu je mu ɗanɗana. Duk wanda ya shiga sai an..."

"Rufe min baki! Da ƙafata na je gidan mutunci na nemo maka mata, ashe mashaya ta zama? To kafin in koma Kano ka sauwaƙe mata, ko ka nemi wata uwar!"

Ramlatu ta shige kicin hawaye shaɓe-shaɓe. Izzuddeen ya bi ta, shi ma idonsa ya kaɗa.

"Sori, Ramla, ni na jawo miki. Wallahi ba zan iya rabuwa da ke ba. Bari in je in faɗa mata gaskiya ko da za ta..."

"Kada ka ɗaga mata murya, Yaya. Uwa ce, tsoro ne ya kama ta."

Kwana da kwanaki Hajiya ba ta cin girkinta, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Yarinyar nan ba ta fasa durƙusawa ba, ba ta fasa wanke mata kaya ba. Ranar da za a rufe baje kolin ta durƙusa ta ce, "Hajiya, don Allah ki zo ki gani da idonki. In kin ga laifina, da kaina zan haɗa kayana."

"Zan je," in ji Hajiya. "Amma ba mai yi min jagora. Inda na ga dama nan zan nufa!"

A bakin ƙofa wata 'yar Sin ta gaishe su da "ni hawo", kafin kiftawar ido ta zura wa Hajiya igiya a wuya, kofi na reto.

"Ke! Cire min wannan abu!"

"Shi ne tikitin, Hajiya," in ji Izzuddeen. "Ba a shiga sai da shi."

Ta yi tsaki, ta cusa shi cikin mayafi, ta yi gaba suna binta a baya. Teburin farko cuku ne, dunƙule guda ya kai gindin turmi. Ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta kuma miƙa hannu. Na gaba man zaitun da burodi. Na gaba taliya iri-iri, wata kamar kunne, wata kamar igiyar shanya. Da ta iso kan busasshen tumatir a cikin mai sai ta tafa hannu.

"Oh ni Yalwa! Kauɗa ce fa! Abin da muke zubarwa a Kura shi ne ake wa layi?"

Ramlatu dai duk inda aka tsaya sai ta tambaya da Sinanci ko an sa giya ko alade. In an ce "meyo", wato babu, sai ta bar ta ta ci, in an gyaɗa kai sai ta ce, "Hajiya, ban da wannan."

Can Hajiya ta hango wani jan nama an yanka shi fale-fale. "Kai, har da kilishi!" Ta kai hannu ke nan Ramlatu ta cafke mata wuyan hannu.

"Alade ne, Hajiya!"

"A'uzubillahi!" Hajiya ta ja da baya tana goge yatsun da ko taɓa naman ba su yi ba. Ta dubi yarinyar.

Gishirin cuku ya sa mata ƙishi, ga shi teburin da ke gabansu na kwalaben nan ne. Wani tsohon Ba'italiye mai tumbi yana zuba wa mutane ja da fari. Yana ganin Ramlatu ya ajiye kwalbar yana dariya, ya ɗauko gorar ruwa. Ya yi wani dogon zance da hannuwa da kafaɗu.

"Me yake cewa, Auta?"

"Wai ya gane Ramlatu. Wancan zuwan ya yi ta roƙo ko sunsunawa ta yi, ta rufe kofinta da hannu, sai ruwa ta sha."

Hajiya ta zaro kofinta daga mayafi, tsohon ya cika mata da ruwa. Ta kai baki ke nan, sai wal! Mai ɗaukar hoto ya haska ta.

"Kai! Kai! Auta, tare shi! In hoton nan ya je Kano na shiga uku, wa zai yarda ruwa ne?"

Sai ta dafe baki, don ta ji abin da bakinta ya faɗa. Izzuddeen ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Kunya ta rufe Hajiya, ta kamo hannun Ramlatu.

"'Yar nan, na zalunce ki. Ki yafe min. Allah Ya yi miki albarka, Ya bar ku tare."

Ramlatu ta fashe da kukan daɗi. Da ta biye wa zuciya ta mayar da magana, da yanzu aurenta ya mutu a kan abin da ba ta aikata ba. Haƙurinta ne ya riƙe mata gidanta. Iyaye kuma su riƙa bincike kafin su raba masoya, don ba duk abin da ido ya gani ne gaskiya ba.

Hoton kuwa Hajiya da kanta ta karɓe shi, ta ce duk wanda ya kai shi Kano ba ta yafe ba.