Mangwaron da Bai Huce Ba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Auta a gidansu. Yayanta kuwa Sarkin Sauri yake ce mata, domin ko ruwa aka aike ta ɗebowa sai ta tafi da gudu.

Ummanta busar da kayan marmari take yi. A bayan gidansu akwai wani dogon akwati mai murfin gilashi. A cikinsa akwai farantai na raga. Nan Umma take jera yankakken mangwaro da abarba da ayaba. Rana ta bugi gilashin, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ƙuda ba ya samun ƙofa.

Aikin Umma abin kallo ne. Kowane yanka kaurinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Mangwaron da ya yi tabo, ko ƙanƙane ne, ba ya hawa farantinta.

A da mutane ba su damu da busasshen kaya ba, sai wanda ya rasa ɗanye. Yanzu zamani ya juya. Ma'aikata ba su da lokacin zuwa kasuwa kullum. Ɗaliban makarantar kwana ba su da firiji. Matafiya suna son guzuri marar nauyi. Iyaye kuma sun gaji da saya wa yara alewa mai ɓata haƙori.

Shi ya sa mai babban kantin bakin titi ya ware wa Umma wuri kusa da ƙofa.

"Kamfanoni ma suna neman wurin nan," in ji shi. "Na ba ki ne don kayanki sun fi tsabta. Amma ranar da aka kawo ƙara, sai haƙuri."

Umma tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa. Ba a ɗaure mangwaro da zafinsa. Sai ya huce, a zuba shi a kwalba, a rufe ya kwana biyu. Idan kwalbar ba ta yi gumi ba, sannan a sa shi a leda.

"Umma, wannan ai ɓata lokaci ne," in ji Auta.

"Sauri ya haifi nawa," in ji Umma.

Wata Asabar Umma ta tafi wajen masu lambu sayo mangwaro. Ta manta da wayarta a gida. Wayar ta yi ƙara, Auta ta ɗauka. Mai kanti ne.

"Ina Ummanki? Mangwaro ya ƙare tas! Tun safe mutane suke tambaya. In ba a kawo yau ba, na kamfani zan jera."

"Za a kawo yau, Kawu!" in ji Auta.

Ta ruga bayan gida. Ta ɗaga murfin gilashi. Mangwaron ya yi ja, yana ƙamshi. Ta taɓa, ta ji zafi rau, amma a hannu kamar ya bushe. Ta kwashe shi cikin leda, ta liƙe bakin kowace da injin liƙi. Ta roƙi Yaya ya kai a keke.

"Kin tabbata, Sarkin Sauri?" in ji Yaya.

"Kai dai tuƙa kekenka."

Da Umma ta dawo, ta ga farantai wayam. Auta ta ba ta labari tana murna.

"Kin bar shi ya huce?" in ji Umma.

Auta ta kalli ƙasa. Ta ce, "E."

"Na farantan nan bai shiga kwalba ba fa."

"Ya bushe ƙayau, Umma. Na duba."

Umma ta dube ta, ta koma kan aikinta.

Bayan 'yan kwanaki Umma da Auta suka kai sabon kaya kanti tare. Yamma ce, an tashi daga aiki, kanti ya cika. Mai kanti yana ganinsu ya jawo wani kwali ya dire a gabansu.

"Duba abin da kika kawo mini!" Ya ɗaga leda sama don kowa ya gani. Cikinta ya yi ɗigo-ɗigon ruwa. Mangwaron ya yi fumfuna fari da kore.

"Ashe ruɓaɓɓen mangwaro kike saya mai araha, ki shanya, ki sayar wa mutane? Kwashe kayanki!"

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma bai kamata a faɗe ta ba tare da bincike ba. Matar da ke zubar da mangwaro saboda tabo ɗaya, ita aka kira mai sayen ruɓaɓɓe, a gaban jama'a.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Duk wanda ya saya, a musanya masa, ni zan ɗauka." Ta ɗora kwalin a kai, suka fito.

Auta ta bi ta a baya. Ranar ba ta yi gudu ba.

Washegari a makaranta, malamar kimiyya ta shigo aji da kofin ruwan zafi. Ta rufe shi da faranti, ta ɗan jira, ta ɗaga. Ƙasan farantin ya jiƙe.

"Wa ya zuba wa farantin nan ruwa?" in ji Malama.

"Ba kowa!" in ji yara.

"To daga ina ya zo?"

Auta ta ƙura wa farantin ido. Irin ɗigon nan ta gani a cikin leda. Da aka fita tara, ta tsaya.

"Malama, idan aka rufe busasshen mangwaro da zafinsa fa?"

"Tururin da ya rage ba shi da hanyar fita," in ji Malama. "Sai ya koma ruwa a cikin leda. Inda danshi ya zauna kuwa, fumfuna ta sami gida. Me ya faru, 'yata?"

Auta ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai.

Malama ta dafa ta. "Kuskuren farko na sauri ne. Na biyu na ƙarya ne, kuma shi ya fi nauyi. Wa ke ɗauke da laifinki yanzu?"

"Umma."

"To kin san abin yi."

Da ta koma gida, ta sami Umma tana wanke farantai. Akwatin gilashi a buɗe, babu komai a ciki. Auta ta durƙusa.

"Umma, ƙarya na yi miki. Da zafinsa na ɗaure shi."

"Na sani," in ji Umma. "Tun da na ga gumin ledar nan na gane. Jira nake in ji daga bakinki. Ni ma da sakacina, da ban bi kayan nan na duba tun ranar ba."

"Me ya sa ba ki faɗa wa mai kanti ni ce ba?"

"In tona asirin 'yata a tsakiyar kanti? Mangwaro dai an yi asara, wani zai nuna. Abin da ke cina shi ne suna."

Auta ta share hawaye. "Umma, a ba ni kwalba biyu."

Suka yanka sabon mangwaro suka shanya. Da ya bushe, Auta ta zuba rabi a kwalba da zafinsa, ta rufe. Sauran ta bar shi ya huce sosai kafin ta zuba a ɗaya kwalbar. Sai ta jira. Jiran ya yi mata wuya. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta leƙa.

"Yau ga Sarkin Sauri tana gadin kwalba," in ji Yaya. "Duniya ta zo ƙarshe!"

Kwalba ta farko ta yi gumi. Ta biyu tana nan garau.

Auta ta zaɓi yamma, lokacin da kanti ke cika. Umma ta raka ta, ta tsaya a bakin ƙofa. Auta ta gaida mai kanti, ta ajiye kwalaben a gabansa. Ba ta yi ƙasa da muryarta ba.

"Kawu, ni ce na amsa wayarka ranar. Ni na ɗaure mangwaron da zafinsa, Umma ba ta nan. Ga shi, mangwaro ɗaya ne a kwalaben nan. Wannan an rufe shi da zafi, wannan an bar shi ya huce. Umma ba ta taɓa sayen ruɓaɓɓe ba."

Mutane suka matso. Mai kanti ya ɗaga kwalba ta farko, ya ga ɗigon ruwa. Ya buɗe ta biyu, ya ɗanɗana.

"To, na ji," in ji shi a hankali. "Ki ce wa Ummanki ta kawo kaya gobe."

Auta ba ta motsa ba.

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. A gaban mutane ka faɗi waccan maganar."

Wata dattijuwa mai riƙe da kwando ta ce, "Yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Ina nan ranar, da kunnena na ji."

Mai kanti ya sosa ƙeya. Ya fito daga bayan tebur, ya je har bakin ƙofa inda Umma take.

"Jama'a, ku shaida," in ji shi da ƙarfi. "Na faɗi abin da ban bincika ba. Matar nan kayanta masu kyau ne. Ni ma da laifina, ni na matsa wa yarinya a waya. Ki yafe mini."

"Ya wuce," in ji Umma.

"To a sayar mini da na kwalbar nan," in ji dattijuwar. "Jikokina sun hana ni sakat. Na kamfani sukari ya yi masa yawa."

Kowa ya yi dariya.

Kayan Umma suka koma wurinsu kusa da ƙofa. Masu saya suka ƙaru, har ta sa kafinta ya ƙera mata akwati na biyu. Aikin duba kwalabe kuwa Auta aka ba. Ko mai kanti ya kira sau nawa, amsarta ɗaya ce: "Kawu, bai huce ba tukuna."

Yara, ku riƙe wannan da kyau. Yawan masu saya ba dalilin gaggawa ba ne, aikin da aka yi da haƙuri shi ke riƙe ciniki. Idan kun yi kuskure, kada ku bar wani ya ɗauki laifinku. Sunan da aka ɓata a gaban mutane kuwa, a gaban mutane ake gyara shi.