Talo-talon Baba Idris

Kaskon ya kife a tsakar gida, niƙaƙƙen naman ya watse a kan siminti tare da karas da kabeji, ƙamshin citta da tafarnuwa ya gauraye ko'ina. Ummukulsum ta yi tsaye da cokali a hannu, ko farar rigar makarantar jinya ba ta cire ba. Hajiya Safiya, 'yar mai gidan, wadda ta fizge kaskon daga kan wuta, tana huci kamar ta yi gudu.

"Naman me ne wannan fari fat, ba ƙashi ba fata? Da idona na ga kin fito da shi daga gidan Maman Faith. Alade kike ba ubana?"

"Wallahi Yaya talo-talo ne. A kasuwar Tarauni na saya, a gabana aka yanka. Injin niƙa kawai nake ara a wajenta."

"To in ba ɓoyewa kike ba, me ya kai ki niƙa shi?"

Allah sarki marainiya! Amsar na bakinta, amma ba tata ba ce. Tun tana goye iyayenta suka rasu, Baba Idris, yayan mahaifinta, ya ɗauke ta ya riƙe a gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi. Da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa na gidansa, ita ta zame masa komai. Ita ta raka shi asibiti ranar da likita ya ce hawan jininsa ya yi nisa, ya hana shi jan nama da gishiri da maiƙo. Ita kaɗai kuma ta san turamen haƙoransa sun zube, tauna ta gagare shi. Dattijon da duk layin ya sani da tsiren yamma! A cikin adaidaita sahu suna komawa ya ce mata, "Ummu, amana na ba ki. Kada yaran nan su ji, ba na so a mai da ni abin tausayi." Tun daga nan, in ta dawo daga makaranta a gajiye, tsakanin magariba da isha sai ta soya albasa da ɗan mai kaɗan, ta zuba niƙaƙƙen talo-talo da masoro da citta don kada ya ji rashin gishiri, ta watsa kayan lambu su yi laushi. Kafin a kira salla ya ci ya ƙoshi, ta miƙa masa ƙwayar maganinsa a ɓoye.

Ummu ta juya ta dubi Baba. Yana zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinsa, duk abin nan a kunnensa. Kalma ɗaya ta isa... amma sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Kunya ce ta riƙe masa baki, kuma ni dai har gobe ina jin haushin shirun nan.

"Kin gani, shi ma ya rasa ta cewa," in ji Safiya, wadda dama ta daɗe tana jin zafin yadda uban ke yabon 'yar riƙo a gaban kowa. "Tattara kayanki. An ci da ke an sha da ke, sakayyar ke nan."

Ummu ta durƙusa a gaban dattijon, hawaye na ɗiga a kan rigarta. "Baba, na tafi. Don Allah a riƙa shan ruwan nan da na saba kawowa bayan abinci." Shi kaɗai ya san maganin take nufi. Bai ɗago ba.

Kafin gari ya waye magana ta zaga layi. Matan da ta sha yi wa 'ya'yansu allura suka daina amsa gaisuwarta. Maman Faith, matar kirki 'yar kudancin Kaduna da ta shekara da shekaru tana kawo musu gaisuwar salla, ta zo ta rantse ba a taɓa sa haram a injinta ba, aka rufe mata ƙofa. Ummu ta raɓa a ɗan ɗakin wata ƙawarta a Unguwa Uku. Ta kira wayar Safiya don ta roƙi a rage gishiri ko da ba ta faɗi dalili ba, sai ta tarar an toshe lambarta. Duk sanda magariba ta yi sai ta kasa cin abinci, ta ɗaga hannu tana kuka: "Ya Allah, Ka san abin da na dafa. Ka tsare min Baba, Ka wanke ni."

Safiya kuwa ta tashi nuna wa duniya yadda ake kula da uba. Kullum daga gidanta na Babban Giji kuloli na zuwa, yau farfesun kayan ciki, gobe balangu, jibi tuwo da man shanu yana iyo a miya. Baba ya riƙa haɗiyar nama ba tauna don kada a gane, magani ya ƙare bai iya cewa a sayo ba. Wata la'asar yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, ya faɗi.

A asibiti likita ya dubi Safiya da yayanta Kabiru ya ce, "Mutumin da jininsa ya daidaita sarai, wa ya sauya masa abinci? Ina yarinyar da ke kawo shi?" Sai Baba, da bakinsa da ya karkace, ya yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito.

"Ni na sa ta niƙa... ba ni da haƙori. Amanata ta riƙe, ni kuma na bari aka kore ta."

Safiya ta zube a ƙasa. Kabiru bai ɗaga murya ba, ya ce, "Da bakin da kika ɓata ta, da shi za ki bi gida gida ki wanke ta. Ki fara da Maman Faith." Haka kuwa aka yi, tana tafe ana nuna ta. Baba kuma, duk lallashin da aka yi, ya ƙi karɓar ko ruwa daga hannun Safiya.

Ranar da aka sallamo shi Ummu ta dawo gidan, Safiya da kanta ta ɗauko injin niƙan Maman Faith a ka ta shigo da shi. Ummu ta ɗora kasko bayan magariba, ƙamshin citta ya sake cika gidan. Ta kawo kwanon ta ajiye a gabansa yadda ta saba, ta sa masa cokali a hannun dama. Hannun bai motsa ba. Duk suka zuba masa ido.

"Ki yafe min, Ummu," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Da na buɗe baki ran nan, da yanzu da hannuna zan ci."

"Ban taɓa riƙe ka ba, Baba." Ta goge idonta da gefen mayafi, ta ɗebo cokali ɗaya ta hura. "Buɗe baki, kada ya huce."