Wanda Ya Kashe Lambun Kamazou

Da safiyar Alhamis Judith ta tarar da lambun ƙungiya ya mutu. Alayyahu, yakuwa, ugu, gauta, duk sun yi ruwan ɗorawa sun kwanta. Shekara da shekaru reshensu na Kamazou yana noma filin nan ba takin zamani, ba guba, sai kashin shanu da ruwan dogon yaro. Aikin sa kai ne, ba a biyan kowa. Ita ce shugaba, wato ita ce mai shan zagi.

Kafin ta gama zagayawa, 'yan sintiri sun kama Jamilu. Shi ke fesa ruwan dogon yaro, shi kaɗai ke zuwa daga Makera, kuma jiya da yamma an gan shi da tankin feshi a baya. Samari sun cika ƙofar ofishin sintiri, wasu da gora.

"Na sha faɗa," in ji Wilfred, sakataren reshe. "Mutumin da ba mu san gidansa ba, muka damƙa masa tanki."

Judith ta wuce shi. Ta leƙa ta tagar ɗakin da aka kulle Jamilu. Leɓen Jamilu ya fashe.

"Me ka zuba a tankin?"

"Anti, abin da kika jiƙa da hannunki. Je ki shinshina."

Ta shinshina. Ɗacin dogon yaro ne kawai.

Ta koma lambu, ta tumɓuke yakuwa ɗaya. Saiwar ta ruɓe. Maganin ciyawa ne, irin mai bi ta jijiya, wanda kan yi kusan mako kafin ganye ya nuna. Ke nan ba jiya aka yi ɓarnar ba. Makon jiya kuwa Jamilu yana Zariya wajen ta'aziyya, ita da kanta ta raka shi tasha.

Saura Baba Yakubu, mai gonar masara a maƙwabta, wanda ba ya ɓoye ƙaunarsa ga feshi.

"Baba, ka yi feshi makon jiya?"

"Na yi, 'yata. Sai ki ce iska ta kawo muku?" Ya nuna shinge da haɓa. "Buɗe idonki."

Kunyoyin da ke jikin shingensa su ne kaɗai masu sauran kore. Daga tsakiyar lambu mutuwar ta faro.

A bakin ƙofar lambu ta tsaya cak. Tulin ciyawar da aka cire ranar Asabar yana nan, ya bushe. Dokar reshe ce, ciyawa ta mai dabba ce, kuma Wilfred bai taɓa barin ko tsinke ba. Har faɗa yake yi a kanta saboda zomayensa.

Ta tare keke mai ƙafa uku zuwa Narayi, gidan Wilfred. Mary, matar Wilfred, tana tsakar gida tana watsa wa zomaye ganyen kabeji.

"Kabejin kasuwa, Maman Ben? Kun yi arziki."

"Wane arziki, 'yar'uwa? Oga ne ya ce kada a ƙara kawo ko ganye ɗaya daga lambu, wai yana sa su zawo."

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'ar da ta wuce."

Nan take Judith ta tuna abin da ya faru washegarin ranar. Ranar Asabar, kamar kullum bayan aiki, an dafa faten acca da ganyen lambu, yara sun ci har da lashe kwano.

Ta koma ofishin sintiri, ta ratsa samarin, ta tsaya gaban Wilfred.

"Me ya sa zomayenka suka daina cin ciyawar lambu ranar Juma'a?"

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Ranar Juma'a lambun nan kore shar yake. Ba wanda ya san da guba a cikinsa sai wanda ya zuba ta." Ta juya ga shugaban sintiri. "Filin na mahaifiyarsa ne. Ta ba mu aro, ta ce muddin muna nomawa ba za a sayar ba. Ku tambaye shi masu ginin da yake ta zagayawa da su."

"Gadona ne!" Wilfred ya daka tsawa. "Ina zaman haya, ku kuna shuka alayyahu a kan gadona!"

"Da ka fito ka faɗa a taro. Ka tsare zomayenka, Wilfred, ka zauna kana kallon 'ya'yanmu suna cin fate. Sannan ka nuna wa masu gora wannan bawan Allah."

Gororin suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Shugaban sintiri ya kira 'yan sanda, sannan ya buɗe wa Jamilu ƙofa.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji wani saurayi. "Kuskure ne."

Jamilu ya share jinin bakinsa, ya dube su ɗaya-ɗaya. Rabinsu shi ya koya musu haɗa taki.

"Za ka zo ranar Asabar?" Judith ta tambaye shi.

"Anti, ke kaɗai kika tambaye ni kafin ki yanke hukunci," ya ce. "Ke kaɗai kuma ba ki isa reshe ba."

Ya ajiye mata mabuɗin lambu a kan benci, ya nufi titi.